Tsakanin Kara da Ƙara

Babura,
Alhamis da hantsi.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, a cikin mota ne ko a masauki. Allah Ya tsare miki hanya, Ya tsare ki a garin mutane, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa, Ya dawo mana da ke da abin da kika je nema. Kin ga ko a takarda ban iya rubuta sunanki ba, saboda sunan mahaifiyata ne. Ki riƙe wannan a ranki, don irin wannan nauyin bakin ne maganar tawa duka.

Na san za ki yi dariya. Gida ɗaya muke, kullum da safe kina zuwa gaishe ni, ga waya a hannun kowa, sai ga tsoho ya ɗauko biro kamar zamanin ɗan aike. Yi dariyarki. Na ce wa mahaifiyarki ta cusa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin kuka da daddawa, don kada ki gan ta sai kin yi nisa. Abin da ke ciki na gwada faɗa miki sau biyu, harshena ya ƙi juyawa.

Jibi za ki tafi kudu karatun digiri na biyu. Kin ce bincikenki kwatanta zaɓe ne da jam'iyyu, namu na Nijeriya da na maƙwabtanmu Nijar. Watan jiya kin zaunar da ni a zaure, kin ajiye waya a kan tabarma tana ɗaukar magana, kika ce, "Baba, kai da ka yi aikin malamin zaɓe, ka taɓa ganin maguɗi da idonka?" Na gyara zaman hula na ce, "Ni dai a rumfata ban taɓa gani ba." Kika ji daɗi, kika rubuta. To Uwata, ki goge wannan. Ƙarya na yi miki. Shekara talatin da biyar ina zane 'ya'yan mutane a firamare a kan ƙarya, sai ga shi na shirga wa tawa 'yar, za ta ɗauka ta kai jami'a ta gina littafi a kai. Wallahi ba zai yiwu ba ina numfashi.

Bari in faro miki daga baya, don ki ga ba rana ɗaya mutum yake karkacewa ba.

Ban san abin da littattafanku ke kiransa ba, mu dai ƙato-bayan-ƙato muke cewa. Babu akwati, babu ƙuri'a. A taru a filin makaranta, a ɗaga hoton wannan ɗan takara a nan, na wancan a can, kowa ya je ya bi layin wanda yake so, a bi ana ƙirga kawuna. Jam'iyyu biyu ne kacal a lokacin, soja suka yanka mana su kamar tela, suka ce kowa ya zura wadda ta yi masa. Ni ango ne, watana huɗu da auren mahaifiyarki. Na fito daga gida na san layin da zan bi, har na doshe shi, sai muka haɗa ido da kakanki, mahaifin mahaifiyarki, Allah Ya jiƙansa. Yana tsaye a kan gaba a ɗaya layin. Babbar rigarsa kawai ya gyara a kafaɗa. Ban san lokacin da ƙafafuna suka juya ba. Na je na tsaya a bayan hoton mutumin da ko akuya ba zan ba shi kiwo ba, mai ƙidaya ya zo ya dafa kafaɗata ya wuce.

Za ki ji manya suna cewa ba a taɓa zaɓe mai tsabta irin wannan ba, tunda kowa ya ga layi da idonsa. Ƙidayar gaskiya ce, ban musa ba. Amma ki tambaya wa ke tsaye yana kallon wa. Akwai suruki, akwai mai unguwa, akwai wanda ya ara maka gonar da kake ci. Don haka in kin shiga ƙauye tambaya, kada ki tambayi mace a gaban mijinta, kada ki tambayi ɗan haya a gaban mai gida. Kuma ga shi kin gani da kanki, kada ki tambayi uba alhali ke ce 'yar, ki ɗauka abin da ya faɗa ya zauna.

Sai maganar Nijar ɗin taki. Lokacin hutun makaranta nakan bi motocin hatsi in ƙetara iyaka, in ɗan taɓa kasuwanci. A can na yi aboki, Isuhu, mai awon gero, shi yake canza mini naira da sefa. Wata tafiya na tarar ranar zaɓensu ce. Na ga mutum ya shiga bayan labule shi kaɗai, ba suruki ba mai unguwa. Aka kuma gaya mini in ba wanda ya haura rabi a zaɓen shugaban ƙasa, sai a koma zagaye na biyu tsakanin na ɗaya da na biyu. Kai! Na dawo Babura na cika wa mutane kunne. A majalisar hira Nijar, a ofishin malamai Nijar, har suka laƙaba mini Malam Sefa. Har yau akwai tsofaffin da ke kirana haka a kasuwa, kin sha ji kina tsammanin don canji ne.

Isuhu ya zo mana suna, ya ji ina wannan wa'azi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ƙofar gida ka gani, an share an yayyafa ruwa. Ka shiga ciki? Tsakanin zagayen farko da na biyu, manyan da suka faɗi sai su shige ɗaki a babban birni su raba kujeru, mu kuma mu ji a rediyo: mutanen wane, ku bi wane. Ni wanda na zaɓa ya koma bayan wanda na ƙi, ya ce in biyo shi. Ƙato-bayan-ƙaton ne dai, sai dai mu a rediyo ake jera mu." Ya kurɓi kunu ya ƙara da cewa, "Mu kuwa ku muke sha'awa, da kuke zaɓen gwamna da hannunku. Namu aiko mana shi ake yi." 'Yan majalisa suka samu abin yi mini na wata guda.

Kuskurena a nan, na kwatanta tsakar gidanmu da ƙofar gidan maƙwabci. Namu na san dattinsa don a ciki nake kwana, nasu kuwa wuni ɗaya na gani. Kada ki yi haka. Ki ɗora doka a kan doka, ki ɗora abin da ake yi a zahiri a kan abin da ake yi a zahiri. Yanzu da soja ke riƙe da can, kada ki shiga da ɗaga hanci, mu ma mun sha wannan ruwan har ya ishe mu. Kuma in mutum ya gaya miki jam'iyyarsa, a nan ko a can, ki rubuta, sannan ki tambaye shi wa yake bi. A akwatina akwai hulunan kamfen guda huɗu, kala huɗu, kuma hannu ɗaya ne ya raba mana su duka, duk lokacin da maigidansa ya sauya sheƙa.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauko biro.

Kina goye a lokacin, ko yaye ki ba a yi ba. Aka zo zaɓen kansiloli, aka ɗebi malamai aikin zaɓe, ni aka ba ni shugabancin rumfa a makarantar wani ƙauye da ba zan rubuta sunansa ba. 'Yan takara biyu ne masu ƙarfi. Ɗaya yaron jam'iyyar kakanki ne, kakan naki kuwa shi ne shugaban jam'iyyar a mazaɓar. Ɗayan Malam Haruna ne, tsohon da kika je Roni kika yi hira da shi. Abin da ba ki sani ba, ni da Haruna gado ɗaya muka yi a kwalejin horon malamai, shi a sama ni a ƙasa, kuma shi ne babban abokin ango a bikina. Ya ajiye aikin koyarwa ya tsaya takara a kan magana ɗaya tak, wato kwalbati a rafin da ya raba ƙauyen da makaranta, don da damina rabin ajinsa ba ya iya ƙetarowa.

An yi zaɓe lafiya lau. Wannan karon da akwati, da ƙuri'a, da kwalin da mutum zai raɓe ya dangwala. Mata suka tsaya a rana tun hantsi da goyo a baya. Har wani tsoho mai ciwon ƙafa aka turo a amalanke, ya ce sai ya dangwala da yatsansa. Bayan la'asar muka zazzage akwatin a kan teburin aji muka ware. Tarin Haruna ido ma ya isa, amma muka ƙirga ɗaya bayan ɗaya a gaban wakilai. Wakilin Haruna, don murna, ya fice da gudu kai albishir, bai jira an cike takardar sakamako ba. Ina ɗaukar biro ke nan na ji sallama a bakin ƙofa. Kakanki ne.

Me kike tsammani na yi? Ni shugaban rumfa, da rigar aiki a jikina, da hatimi a hannuna, na tuɓe takalmi na zube ƙasa ina gaishe shi. Bai zage ni ba. Bai yi mini barazana ba. Wallahi ko sisin kwabo bai nuna mini ba, da ma ya yi ɗaya daga ciki, da na samu abin da zan riƙe in yi fushi. Cikin taushin murya ya ce, "Malam, sannu da aiki. Yamma ta yi, hanya kuma ba kyau. Sa hannunka a nan ƙasa, lambobin a cike su can wurin tattarawa, kada gaggawa ta sa a yi kuskure."

Na san abin da ake nufi, shi ma ya san na sani. Na ce, "Baba, ai doka ta ce..."

Ya ce, "Na'am?"

Shi ke nan fa. Wannan na'am ɗin ita ta gama da ni. A tsugunen nan na ɗora takardar a kan gwiwata na sa hannu, na buga hatimi, gidajen lambobi wayam ba komai. Ya karɓa ya ce Allah Ya yi mini albarka. Washegari aka sanar Haruna ya faɗi, har a rumfata.

Bayan kwana uku ya zo a kan kekensa, ya same ni a ƙofar gida. Ya ce, "Idi, zan kai ƙara. Ba ni da shaida sai kai."

Na ce, "Haruna, surukina ne. Kara na yi masa. Ka yi haƙuri, mulki na Allah ne."

Ya jingine keken a bango. Sannan ya tsinci tsinke ya rubuta kalma biyu a ƙasa, kara da ƙara, ɗaya a kan ɗaya. Ya nuna ƙugiyar da ke kan ta biyun ya ce, "A kan wannan 'yar ƙugiyar kake dukan yara kullum, yau kai ne ka kasa bambancewa. Idi, kara da abinka ake yin ta. Ka tashi ka ba babba wurin zamanka, ka bar masa naman da ke gabanka, ka yi shiru in ya ci haƙƙinka, wannan kara ce. Ƙuri'un nan naka ne?" Ya sa ƙafa ya share rubutun, ya hau kekensa.

Ƙarar ba ta je ko'ina ba, tunda sa hannuna ne a jikin takardar. Aikin koyarwa bai dawo masa ba. Ya tattara ya koma wajen dangin mahaifiyarsa a Roni ya kama noma. Kwalbatin kuwa sai da yaran ajinsa suka haifi nasu kafin a yi shi. Shekara ashirin da 'yan kai, in mun haɗu a jana'iza mu gaisa da fatar baki, kowa ya nemi takalminsa.

Ki lura da maganar nan da na yi masa, mulki na Allah ne. Gaskiya ce, ba mai musu. Amma za ki ji ta da yawa a aikin nan naki, don haka ki riƙa duba bakin da ta fito. In wanda aka kayar da gaskiya ne ya faɗa, imani ne. In wanda ya riƙe biro ne irina, mafaka yake nema. Kuma ki rubuta wa duk wani wakilin ɗan takara da babban baƙi cewa ba a murna sai an cike takarda an miƙo masa tasa a hannu.

Da haka zan mutu da abina a ciki, sai kika dawo daga Roni kina murna, kika ce in saurari hirarku. Kika kunna, na ji muryarsa ta tsufa tana rawa. Kin tambaye shi zaɓen da ya tsaya, kin gaya masa ke 'yar wane ce. Ya ce, "Babanki? Ai Idi bai san ha'inci ba. Faɗuwa na yi, 'yata, mutane ne ba su zaɓe ni ba." Kin tuna na miƙe na ce zan yi alwala, alhali ko azahar ba ta yi ba? Bayan gida na zagaya na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Mutumin da na hana shaida shi ne ya rufa mini asiri a gaban 'yata. Shi ya yi kara ta gaske, don da abinsa ya yi ta. Amma ke kin tashi da ƙarya biyu a wayarki, ɗaya ta kunya, ɗaya ta mutunci, kuma duk biyun in sun shiga littafi ƙarya ce sunansu.

Shekaranjiya da na ce zan je Kazaure karɓo maganin hawan jini, na karɓa ɗin, amma ban juyo ba. Na hau acaɓa na wuce Roni. Na same shi a gona a gindin dutse, yana ɗaure damin dawa. Ya ɗago ya ƙare mini kallo ya ce, "Idi, ka tsufa."

Na ce, "Kai ma ba a bar ka a baya ba."

Na tuɓe takalmi zan durƙusa, ya yi wuf ya cafke hannuna. Ya ce, "Tashi, don Allah! Tsugunon nan naka ne ya ja mana." Muka yi dariya, dariyar ta zame mana wani abu dabam, muka zauna a kan dami kowa yana share fuska da hannun riga.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Nawa na yafe tun kafin gemuna ya yi fari. Amma matan nan da suka tsaya a rana, da tsohon amalanke, ba su wakilta ni ba. In na yafe maka nasu, na yi irin taka ke nan."

Na ce, "To ina zan same su, Haruna? Rabinsu suna ƙasa."

Ya ce, "Waccan kotun ta tashi tuntuni. Amma ga 'yarka ta buɗe wata. Je ka ba da shaidar da ka hana ni. Ni ma ka ce mata ta goge tawa."

Jiya da yamma na gaya wa mahaifiyarki, don ubanta ne, ba zan taɓa shi ba da saninta ba. Tana tsintar wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ai tun ranar na sani. Ka dawo ka ƙi cin tuwo, Baba kuma ya aiko a gaishe ka sau biyu a wuni ɗaya, abin da bai taɓa yi ba." Na ga hawaye ya ɗiga a faifan. Sannan ta ce, "Ubana ne, kullum ina yi masa addu'a. A sakaya sunansa. Amma abin da aka yi a rubuta shi, ko Allah Ya sa ya rage masa nauyi." Sama da shekara ashirin ina ɓoye wa matar nan abin da take ɓoye mini cewa ta sani.

To Uwata, ga shaidata. Ki rubuta cewa a ƙasarmu ba kullum da sara-suka ake sace zaɓe ba, ba kullum da kuɗi ba. Wani lokaci da sallama ake shigowa, a fita da sa albarka. Ki bincika ko a can wajen su Isuhu ma akwai irin wannan, don jininmu ɗaya, surukai ɗaya, ina zaton labule bai hana ba. Sunan kakanki ki bar shi kamar yadda mahaifiyarki ta ce. Nawa kuwa, in malamanki sun yarda, ki sa shi cikakke.

Na san halinki, ni na haife ki. Za ki karanta wannan ki yi kuka, ki ninke takardar ki tura ƙasan akwati, ki ce ba da hannunki za a tona asirin Baba ba. To ki sani wannan shi ne tsugunon. Yau ni ne babban da ya yi sallama a ƙofar rumfarki, ke ce mai biro. Ba zan ce ba na jin tsoro ba. Ina tsoron ranar da za ki dawo hutu ki shigo gaishe ni, in ga idonki ya sauya. Amma gara ki kalle ni yadda nake da ki ci gaba da girmama wani mutum da ba a taɓa yi ba. Ki ba ni wurin zamanki, ki yi mini shiru in na yi faɗan da ba dalili, ki ci gaba da tuɓe takalmi in za ki shigo, duk wannan naki ne, ina so. Amma a kan wannan magana kada ki yi mini kara, don ba taki ba ce. Ta matan nan ce da suka tsaya a rana.

Sauran kin san su. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ki saba da manja ba, kada ki yi musun siyasa a cikin motar haya. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, Ya sa hannunki kada ya taɓa sauka a kan farar takarda. Allah Ya jiƙan kakanki, Ya yafe mana baki ɗaya, Ya saka wa Haruna da alheri. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya.

In kin sauka ki kira mahaifiyarki, hankalinta ya kwanta. Ni kuwa kada ki kira ni sai kin goge waccan. Mutanen Isuhu suna da zagaye na biyu, ni ma a ba ni nawa. Ki kunna abin ɗaukar maganar, ki sake yi mini tambayar nan daga farko. A tsaye zan amsa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Idi.